Tarihin Tsinken Langmuir da Yadda Aka Gwada Gaskiyarsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu awo a kasuwa ya san ba a yarda da sikeli sai an gwada shi. Akan ɗora masa dutsen awo wanda aka riga aka san nauyinsa. In ya faɗi daidai a amince da shi, in ya yi ƙarya a gyara shi ko a jefar. Amma akwai wani ma'auni wanda masana kimiyya suka yi shekara fiye da arba'in suna aiki da shi ba su sami dutsen da za su gwada shi ba, domin abin da ake aunawa da shi ba ya kamuwa da hannu, ba ya kuma zubuwa a mudu. Ma'aunin nan ɗan tsinken waya ne kurum, ana ce da shi tsinken Langmuir, abin da ake aunawa da shi kuwa sunansa filasma.

Hali na huɗu

Kowa ya san ruwa yana da hali uku. In sanyi ya yi tsanani ya daskare ya zama ƙanƙara, in ya sami ɗumi ya narke, in an dafa shi ya zama tururi ya bi iska. Haka sauran abubuwa suke, har ƙarfe da gishiri. To, masana sun gano akwai hali na huɗu bayan waɗannan. Kowane abu a duniya an gina shi ne da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ake kira atam. Kowane atam yana da cibiya mai nauyi, da waɗansu 'yan ƙwayoyi marasa nauyi da ke kewaye da ita, su ake kira ilektoron. Ilektoron yana ɗauke da cajin lantarki wanda ake yi wa alamar ɗebewa, cibiya kuwa tana ɗauke da mai alamar tarawa. Masu alama iri ɗaya sukan ture juna, masu alama dabam-dabam sukan jawo juna. Idan aka tsananta wa tururi zafi, ko aka bi da wutar lantarki ta cikinsa, sai waɗansu ilektoron su ɓalle daga atam ɗinsu su shiga yawo. Atam ɗin da ya rasa ilektoron sai a ce da shi ayon. Wannan cakuɗe na ilektoron da ayon da sauran atam da ba su fashe ba, shi ne filasma.

Ba baƙon abu ba ne, ko da ya ke sunan baƙo ne. Walƙiyar damina filasma ce. Rana da taurari filasma ne. Hasken nan mai kashe ido na masu walda filasma ne, haka kuma abin da ke cikin doguwar fitilar lantarki ta ofisoshi da asibitoci. Can sama kuma, daga wajen kilomita tamanin zuwa ɗaruruwa, akwai shimfiɗar filasma wadda ta lulluɓe duniya. Ita ce ke maido da gajeren zangon rediyo ƙasa, har mutum yana zaune a Kano ko Damagaram ya ji muryar mai magana daga Landan.

A shekarar 1857 wani mai sana'ar gilashi a birnin Bon na Jamus, Heinrich Geissler, ya ƙera kwalabe waɗanda ake zuƙe mafi yawan iskar cikinsu, a bi da lantarki ta ciki, su yi haske mai launi. A 1879 wani Bature na Ingila, William Crookes, ya ce abin da ke cikin irin waɗannan kwalabe hali ne na huɗu. A 1897 kuma J. J. Thomson na Jami'ar Kambirij ya gano ilektoron. Daga nan masana suka so su san yawan ƙwayoyin da ke cikin hasken nan, da zafinsu, da ƙarfin turin lantarki a kowane wuri. Sai suka riƙa cusa siririyar waya cikin kwalba, suna auna cajin da ta ɗauka, suna cewa ai abin da waya ta nuna shi ne halin wurin. Shekara da shekaru ana rubuta wannan a littattafai, alhali kuwa kuskure ne.

Irving Langmuir

An haifi Irving Langmuir a Buruklin, cikin birnin Niyok na Amurka, ran 31 ga Janairu, 1881. Ya gama karatun aikin ma'adinai a Jami'ar Kolambiya a 1903, sa'an nan ya tafi Gottingen ta Jamus, inda ya yi bincike a ɗakin gwaji na shahararren malamin nan Walther Nernst, a kan abin da ke samun iska idan ta taɓa waya mai zafi. Ya sami digirinsa na dakta a 1906, ya komo gida ya yi koyarwa shekara uku. A 1909 ya shiga ɗakin bincike na kamfanin General Electric a garin Schenectady, nan ya zauna har ya yi ritaya a 1950.

Aikinsa na farko da ya fito da sunansa shi ne gyaran ƙwan lantarki. A lokacin nan ƙwai yakan yi baƙi daga ciki bayan ɗan lokaci. Langmuir ya gane zaren tungistan ɗin ne ke ƙafewa kaɗan-kaɗan yana manne wa gilashi, ya kuma nuna cewa in an nannaɗe zaren aka cika ƙwan da iskar da ba ta cin ƙarfe, zai fi haske ya fi daɗewa. Wannan a 1913 ke nan. Bayan haka kamfanin ya sa hankali ga manyan kwalabe masu tururin zaiba, waɗanda ake juya wutar lantarki da su daga wani iri zuwa wani. Ba a iya kyautata su sai an san abin da ke gudana a ciki, saboda haka Langmuir ya komo kan maganar wayar nan da ake cusawa.

Abin da ya fara ganewa shi ne dalilin kuskuren na farko. Ayon na zaiba ya fi ilektoron nauyi fiye da sau dubu ɗari uku, saboda haka ilektoron ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Da an cusa waya, ilektoron ne ke fara isa gare ta da yawa, sai ta cika da caji mai alamar ɗebewa, ta shiga ture ilektoron da ke zuwa daga baya, tana jawo ayon. Ta haka sai wani siririn rufi ya kewaye ta, wanda sau da yawa kaurinsa bai kai milimita guda ba, halinsa kuma dabam da na sauran wurin. Langmuir ya sa wa rufin nan suna kube, kamar kuben wuƙa. Ashe waya ba halin wurin take faɗa ba, halin da ita kanta ta haddasa ne da shigarta. Kamar baƙo ne mai alfarma da ya sauka a gari, ya ga an share hanya an yi shiru, ya koma ya ce haka garin yake kullum.

Dabarar da Langmuir ya yi tare da abokin aikinsa Harold Mott-Smith ita ce kada a bar waya ta ɗauki cajin da ta ga dama. Sai a haɗa ta da batir, a riƙa sauya ƙarfin turin da ake ba ta kaɗan-kaɗan, kowane mataki a rubuta yawan wutar da ta bi ta cikinta. Misalinsa kamar katanga ce da ake rage tsawonta ana ƙidaya masu tsallakewa. Sa'ad da aka ba wayar caji mai alamar ɗebewa da yawa, katanga ta yi tsawo, ba ilektoron da ke iya hawa, sai ayon kaɗai ke isowa, wutar kuwa 'yar kaɗan ce. In an rage tsawon, sai ilektoron mafiya gudu su fara tsallakewa. In an ƙara ragewa, sai matsakaita su biyo. Daga yadda yawansu ke ƙaruwa mataki bayan mataki ake lissafa zafinsu, domin zafi ba wani abu ba ne illa gudun ƙwayoyi. Can kuma sai a kai inda katanga ta kwanta duka, kowa ya shigo. Nan ake gane ainihin ƙarfin turin wurin, da yawan ilektoron da ke cikinsa.

Sun buga wannan a mujallar kamfanin a 1924, suka kuma fitar da cikakken lissafinsa a 1926, na tsinke mai faɗi, da mai siffar sanda, da mai siffar ƙwallo. Abin da tsinken ya nuna ya ba mutane mamaki. A cikin kwalbar da mutum ke iya taɓawa da hannu ba ta ƙone shi ba, zafin ilektoron yakan wuce digiri dubu goma, amma saboda rashin nauyinsu ba sa iya ɗumama sauran iskar. A 1928 ne Langmuir ya fara kiran abin filasma. Mott-Smith ya ba da labari a 1971 cewa ya ɗauko sunan ne daga ruwan jini, wanda likitoci ke kira haka, domin shi ma yana ɗauke da ƙwayoyi iri-iri a cikinsa. Langmuir ya sami kyautar Nobel a 1932 saboda wani binciken dabam, a kan abin da ke faruwa a fuskar abubuwa. Ya rasu ran 16 ga Agusta, 1957.

Inda lissafi ya tsaya

Saka tsinke a kwalba abu ne mai sauƙi, ɗalibi ma yana iyawa. Fassara abin da ya faɗa ita ce wahala. Lissafin 1926 ya yi daidai ne a wuri biyu kurum, watau inda kube ya yi siriri ƙwarai a kan kaurin tsinken, da inda ya yi kauri ƙwarai. Tsakanin waɗannan biyu, inda galibin aiki yake, magana ta zama kewaye. Hanyar da kowace ƙwaya za ta bi ta dogara ga ƙarfin turin da ke wurin, ƙarfin turin kuwa ya dogara ga inda ƙwayoyin suke. Ba a sanin na farko sai an san na biyu, ba a sanin na biyu sai an san na farko.

Masana da yawa sun taɓa matsalar, kowa ya warware wani sashe. A 1930 M. J. Druyvesteyn na kamfanin Philips a ƙasar Holan ya nuna yadda za a gane nawa ne masu gudu da nawa ne masu nawa a cikin ilektoron, daga lanƙwasar layin da aka zana. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa sun yi amfani da filasma wajen rarrabe ma'adinin yuraniyom na bom ɗin atam, daga cikin masu wannan aiki kuwa akwai David Bohm. A 1949 aka buga abin da ya gano, cewa ayon ba ya shiga kube sai ya riga ya sami wani gudu, gudun nan kuwa zafin ilektoron ne ke ƙayyade shi, ba zafin ayon ba. Ma'anar wannan ita ce hannun tsinken yana kaiwa nesa da kubensa. A 1957 Allen da Boyd da Reynolds a Ingila suka yi lissafi bisa cewa ayon yana tahowa tsinke kai tsaye. A 1959 Bernstein da Rabinowitz a Amurka suka yi nasu bisa cewa yana kewayawa, dukansu kuma da gudu ɗaya. Kowanne ya sauƙaƙa wani abu domin lissafi ya yiwu, amsoshinsu kuwa ba su zo ɗaya ba.

Ana cikin haka bukatar tsinken ta ƙaru. Tun 1946 da 1947 malaman Jami'ar Mishigan suka fara ɗora shi a kan rokokin V-2 da aka kwaso daga Jamus, ana harba su daga hamadar White Sands domin auna shimfiɗar nan ta sama. Bayan 1957 taurarin ɗan'adam suka shiga ɗaukarsa. Masu neman samun wutar lantarki ta hanyar da rana ke yin tata su ma suna bukatarsa, ko da ya ke a gefen tukunyarsu kaɗai yake shiga, domin tungistan yana narkewa a digiri 3,422, tsakiyar tukunyar kuwa miliyoyi ce. Duk waɗannan ayyuka ne masu cin kuɗi, kuskuren awo kuwa yana iya ɓata aikin shekaru.

Zuwan kwamfuta

Kwamfuta ta shiga maganar ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce a ba ta lissafin nan mai kewaye ta yi ta maimaitawa. A fara da ƙiyasin ƙarfin turi, a lissafa hanyoyin ƙwayoyi, daga nan a gyara ƙiyasin, a sake, har amsa ta daina sauyawa. Wanda ya kammala wannan shi ne James Laframboise, ɗalibi a Jami'ar Toronto ta Kanada. A 1966 ya fitar da jadawalin wutar da tsinke mai siffar sanda da mai siffar ƙwallo za su tara, ƙanana da manya, a filasma wadda ƙwayoyinta ke da gudu iri-iri kamar yadda suke a zahiri. Jadawalin nan ya cike giɓin da Langmuir ya bari shekara arba'in, har yanzu kuwa da shi ake gwada sababbin lissafi. Amma shi ma ya ɗauka cewa filasma tana tsaye, ƙwayoyi ba sa karo da juna, ba kuma maganaɗisu a wurin.

Ƙofa ta biyu ta fi ban mamaki, ita ce kwaikwayo. Maimakon a warware lissafi, sai a gina filasma ta ƙarya a cikin kwamfuta, a bar ta ta yi abin da za ta yi. Oscar Buneman na Jami'ar Stanford a 1959, da John Dawson na Jami'ar Princeton a 1962, su ne suka fara wannan. Kwamfutocin zamaninsu ba sa iya ɗaukar ƙwayoyi da yawa, a kan layi guda kuma suke tafiya, gaba ko baya. Duk da haka filasmar ƙaryar ta yi rawa da kaɗawa irin na ta gaskiya. Charles Birdsall da Bruce Langdon a Kalifoniya, da Roger Hockney, suka kyautata hanyar, littafin Birdsall da Langdon kuwa ya fito a 1985.

Ga yadda ake yi. A wurin da bai fi kan yatsa ba akwai ilektoron biliyoyi, ba kwamfutar da za ta bi su ɗaya-ɗaya. Saboda haka akan sa ƙwaya guda ta tsaya a madadin dubbai ko miliyoyi, kamar yadda akan rubuta mai gida a madadin mutanen gidansa. Sa'an nan a raba filin gida-gida kamar na dara, a sa tsinke a tsakiya. Kwamfuta ta ƙidaya cajin da ke kowane gida. Daga ƙidayar ta lissafa ƙarfin turi a ko'ina. Daga nan ta duba inda turin zai kai kowace ƙwaya, ta gusa da ita taki guda, takin kuwa lokacinsa bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na sakan ba. Sai ta koma ta sake ƙidaya. Haka za ta yi ta yi sau dubbai ko miliyoyi. Duk ƙwayar da ta bugi tsinke a rubuta ta a cire ta. Karo da atam kuwa, tun da ba a san wadda zai faɗa wa ba, sai a riƙa jefa ƙuri'a bisa gwargwadon yawan aukuwarsa. Ba wanda ya gaya wa kwamfuta ta yi kube, amma in an bar ta sai a ga kube ya fito da kansa kewaye da tsinken.

Nan ne aka sami dutsen awo. Mai binciken shi ya zuba ƙwayoyin da hannunsa, ya san yawansu ya san zafinsu tun kafin a fara. Sai ya ɗauki abin da tsinken ƙaryar ya tara, ya fassara shi da lissafin Langmuir ko na wani, ya ga ko amsar ta komo daidai da abin da ya zuba. In ba ta komo ba, ya san lissafin ya yi ƙarya, ya kuma san da nawa.

Ta wannan hanya aka tabbatar da abubuwan da hankali bai zata ba. Da ana tsammani karo da atam zai rage ayon da ke isa tsinke. Sai aka ga idan karon kaɗan ne ƙara su yake yi, domin ayon da zai kewaya ya wuce, in ya yi karo kusa da tsinke sai gudunsa ya mutu ya faɗo. Wanda bai san haka ba zai ce filasma ta fi yadda take yawa. Haka kuma Ian Hutchinson na makarantar MIT, wanda ya shirya kwaikwayon ƙwallo a cikin filasma mai gudana a 2002 da 2003, ya nuna cewa akwai halin da ayon ke fi bugun bayan ƙwallon a kan gabansa, domin turin yana lanƙwaso su su haɗu a baya. Mai auna inda filasma ta nufa, in bai yi hankali ba, sai ya ce gabas alhali yamma ce.

A sararin sama amfanin ya fi fitowa, domin can kumbon da ke ɗauke da tsinken shi kansa yana ɗaukar caji, hasken rana kuma yana fitar da ilektoron daga jikinsa, su cakuɗa da waɗanda ake son aunawa. Kumbon Cassini, wanda ya kewaya duniyar Satan daga 2004 zuwa 2017, da kumbon Rosetta, wanda ya raka wani tauraro mai wutsiya daga 2014 zuwa 2016, dukansu sun ɗauki tsinken da aka ƙera a Uppsala ta ƙasar Suwidin. Ba mai iya zuwa can ya duba, saboda haka akan zana kumbon dukansa a kwamfuta, a ga yadda yake ɓata awon, a cire ɓarnar daga abin da ya aiko.

Iyakar kwaikwayo

Amma fa kwamfuta ba ta san kome ba sai abin da aka gaya mata. In tsinken gaskiya ya yi datti, ko ya yi zafi har ya fara fitar da nasa ilektoron, ko akwai wata iska a kwalbar da ba a lissafa da ita ba, kwamfuta ba za ta faɗa ba, za ta ba da amsarta tsaf kamar ba abin da ya faru. In an yi gidajen dara da girma fiye da kima, ko ƙwayoyin suka yi kaɗan, filasmar ƙaryar takan yi zafi da kanta ba dalili. Saboda haka masana ba su ajiye kwalba ba. Sukan gwada tsinke da kwamfuta, su gwada kwamfuta da kwalba, su kuma gwada duka biyun da wata hanyar awo dabam, kamar ta haske. Sai shaidu sun dace ake yanke hukunci.

Wani abin lura kuma shi ne, ƙananan sassan da ke cikin kwamfuta da wayar hannu da filasma ake sassaƙa su tun daga shekarun 1970, masu ƙera injunan sassaƙar kuwa da tsinken Langmuir suke auna filasmarsu. Watau tsinken ya taimaka an ƙera kwamfuta, kwamfuta kuma ta komo tana gyara karatun tsinken. Shekara ɗari ke nan tun da Langmuir da Mott-Smith suka haɗa wayarsu da batir, siffar tsinken ba ta sauya ba, guntun tungistan ne a bakin bututun tangaran. Abin da ya ƙaru shi ne sanin inda yake faɗin gaskiya da inda yake kuskure. Wannan kuwa shi ne sharaɗin kowane ma'auni, na kasuwa ne ko na masana.